Muryar Iya a Cikin Gwangwanin Yaya Sadi

Ni dai boko bai karɓe ni ba, a firamare muka rabu lafiya. Amma kunne Allah Ya ba ni, kuma duk abin da aka faɗa a tsakar gidanmu na Fagge yana nan ban zubar ba. Da an idar da magariba, kakarmu Iya za ta zauna bakin murhu tana juya tuwo, hayaƙi yana hawa a hankali kamar ba shi da wurin zuwa, mu kuma mu kewaye ta da tabarmi. Ƙarar Kasuwar Sabon Gari takan lafa daga nesa, sai ka ji kamar garin ne ya jingina da bango yana jira ta fara tatsuniya.

A shekarar da nake ba ku labari, wana Yaya Sadi yana jami'a yana karatun haɗa kayan lantarki. An ba su aikin ƙera na'urar da za ta kama murya ta maimaita. Ya faɗi wannan darasin a bara, kuma in ya sake faɗuwa sallamarsa za a yi. Kayan haɗin a Sabon Gari yake sayowa, a shagon mahaifin Ngozi. Ngozi haifaffiyar Kano ce, tattalin arziki take karantawa a jami'arsu, kuma takan kawo masa saƙo ta zauna cin tuwo. Ya jera wayoyinsa cikin gwangwanin madara, ya yi makonni yana fama, gwangwani ba ya cewa komai sai shuuu.

Ana gobe zai kai aikin, ya ajiye shi kusa da murhu ya yi tagumi. Iya ta gyara zama ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna." Can sai Yaya Sadi ya taɓa wani abu, muka ji gwangwani ya ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna." Da muryarta, har da ɗan tarin nan nata. Muciya ta tsaya a hannun Iya.

"Maigida," haka take kiransa da wasan jika, "ka kasa kawo cefane, sai satar murya?"

"Iya, ki rufa min asiri. Sau ɗaya ya yarda ya kama, in na sake taɓa shi ban san me zai yi ba. Gobe da hantsi zan kunna wa malamai."

"Da hantsi? Tatsuniya da rana? So kake malamanka su ɓata a hanyar gida?"

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Iya ta dube shi ta dubi wuta, sai ta sauya tatsuniyar da ta ɗauko.

Wai wata yarinya ce a wani gari da ke da tsuntsu guda mai kuka da asuba, mutane kan fito har da marasa lafiya don su ji shi. Yarinyar ta koyi kama kukan a cikin gora. Ta kai kasuwa, aka yi rububi. Ta ƙara kamawa, ta ƙara kaiwa, har kowane ɗaki ya sami goransa. Daga nan ba wanda ya sake fitowa da asuba. Tsuntsu ya yi kuka, ya duba ƙasa bai ga kowa ba, ya tashi. Gorunan kuwa aka riƙa zuba gero a ciki.

Ngozi ta tafa hannu. "Wallahi Iya, abin da ake koya mana ke nan, kaya in ya yi yawa darajarsa faɗuwa take. Sai dai mu da zane-zane a allo."

"To ki gaya wa malaminku ya zo ya ci tuwo." Ta juya ga Yaya Sadi. "Ka kai ni. Su ji ni sau ɗaya, don kada a kore min miji. Daga nan ka sake ni in dawo gida."

Ya kai ta, gwangwani ya yi magana, ya ci darasinsa. Da yamma a gabanta ya zare batir, muryar ta tafi. Na ji haushi ranar, har na ƙi cin abinci.

Iya ta daɗe da rasuwa. Yaya Sadi yanzu shi ke koyar da wasu, kuma ya taɓa ce min da ya sani da ya saɓa mata. Ni ma na yi shekaru ina wannan tunanin. 'Ya'yana suna da wayoyi cike da muryoyin duniya, ba ta Iya a ciki, ba kuma inda za su same ta. Shi ya sa in magariba ta wuce sukan kife wayoyin su zo kicin su tsaya min a ka.

"Umma, yi mana yadda take yi."

Sai in rage wutar risho, in yi ɗan tarin nan, in ga manyan samari suna neman wurin zama a ƙasa.