Almakashin Malam Hashimu da Hannun Jummai

Shekara talatin da ɗaya Malam Hashimu Lado ya yi yana wankin miki a ɗakin shan maganin unguwarmu, bayan Ƙofar Durbi. Da sassafe zai jingine kekensa, ya kunna risho, ya tafasa almakashi, sannan ya bi masu jira a benci da gaisuwa, har awakin mutum sai ya tambaya kafin ya taɓa ƙafarsa. Ni ne mai gadin ƙofar. Karatu sai da furfura ta fito mini na same shi, amma kunne na daɗe da shi.

Wata uku bayan sojoji sun miƙa mulki, aka kawo Jummai mai ɗinkin hula, matar Alhaji Babaji sabon kansila. Ta karye a hannun dama, mai ɗori ya ɗaure mata da karare da tsumma kwana biyu da suka wuce. Ƙwayar rage zogi kawai suka zo karɓa.

Malam Hashimu ya taɓa yatsun, ya ji su sanyi ƙalau, sun kumbura sun yi duhu. Ya danna farce, ya yi fari, ya ƙi komawa ja.

"Alhaji, ɗorin nan yanzu za a kwance shi."

"Mai ɗori ya ce kwana bakwai. Kai mi ka sani game da ƙashi? Wankin gyambo aka ɗauke ka."

"Ƙashi zai jira, ranka ya daɗe, jini ne ba ya jira. Hanya biyu gare shi a hannun nan. Jijiyar da ke kawo shi daga zuciya tana can ciki, kauri gare ta, ita kake ji tana harbawa a wuyan hannu. Mai mayar da shi tana kusa da fata, ga laushi, ita ɗauri ke fara toshewa. Jini ya shiga ya rasa mafita, hannu ya kumbura, kumburin ya matse mai kawowar ita ma. Daga nan nama ya fara mutuwa."

"To, likitan Ingila. Ba mu ƙwayar mu tafi."

Jummai ta miƙa hannun. "Malam, yanke. Da shi nake riƙe allura."

Ya yanke. Ya tallafe karayar da katako, ya raka ta babban asibiti da kansa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun riga sun mutu, aka cire su. Sauran hannun ya tsira. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, daga gwiwar hannu za a datse.

Kun san ladan da aka ba Malam Hashimu? Alhaji Babaji ya bi ofis-ofis yana cewa almakashin Hashimu ne ya ci yatsun matarsa. Kafin babbar sallah takardar ritaya ta zo, saura shekara huɗu lokacinsa. Ko ruwan sanyi ba a sha don sallamarsa ba. A makon nan kuma aka tara makaɗa don an shafa wa ɗakin maganin fenti. Mun sha rana a layin zaɓe don a daina yanke mana hukunci ba a ji ta bakinmu ba, amma ba wanda ya kira Hashimu ya tambaye shi yadda aka yi. Mu da muka gani da idonmu muka yi gum don tsoron abincinmu, har da ni. Wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Kai ne, Hashimu mai tattausan hannu, da aka kore ka ba ka zauna ba. Ka bi masu ɗori gida-gida har Batagarawa, ba zagi ba raini, kana roƙonsu su bar sararin da yatsa zai shiga tsakanin tsumma da fata. Ɗaya daga cikinsu, Sule mai ɗori, ya ce mini: "Da farko korarsa na yi. Ya dawo sau uku, har kunya ta sa na saurara."

Jummai na nan tana ɗinki da yatsu uku. Hularta ta farko bayan ta warke, kai ta aika wa, mijinta na kallo.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya yafe mana shirunmu. Ku kuma, in kun ga yatsun da ke ƙasan ɗori sun yi sanyi sun canza launi, ku sa a sassauta nan take, a garzaya asibiti, ko matar wane ne.