Gonar Dankalin da Ta Ƙone

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba na jin zan manta ranar da wani manomin dankali ya kai ni bayan gidansa.

A lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba, aka tura ni wata ƙaramar sakandaren gwamnati a wani ƙauye da ke bayan garin Jos. Kullum daga Dilimi nake shiga mota, in ƙarasa da acaɓa. Yara sai raguwa suke yi, sakamakon jarrabawa kuwa ba kyan gani. Ana nan sai takarda ta zo daga ofis: in ɗalibai ba su ƙaru ba, za a rufe makarantar, a haɗe mu da wata can tsallaken rafi. Shugaban makaranta ya ce mu bi gida-gida mu roƙi iyaye.

Na fita da tunanin mutanen ƙauye ne ba su san darajar boko ba. Yau in na tuna, kunya nake ji.

Na isa gidan wata ɗalibata 'yar aji biyu da ta daina zuwa. Bayan mun gaisa da mahaifinta na ce, "Baba, me ya sa ka cire ta?"

Bai amsa ba, ya ce in biyo shi. Gonar dankali ce guda, ganyen duk ya bushe ya kwanta.

"Malama, maganin feshi na sayo kwalba biyu, na ƙwari da na ciyawa. Ni ban yi makaranta ba. Na ce 'yar nan tawa ta karanta mini wanne ne na ƙwari. Ta duba, ta duba, ta nuna ɗaya. Ashe na ciyawa ne."

Yarinyar tana tsaye bayanmu, hawaye na zuba. Ta ce, "Kunya na ji in ce ban iya ba."

"Ban dake ta ba," in ji shi. "Shekara takwas tana zuwa makaranta. Ke ki gaya mini, laifin wa?"

Ni ce na ba ta makin wucewa, don kuwa ta iya kwafe abin da ke kan allo tsaf. Ban taɓa sa ta ta karanta mini layi ɗaya ba. Na roƙe shi ya dawo da ita, zango ɗaya kawai. Da ƙyar ya yarda.

Washegari na gwada 'yan ajina ɗaya bayan ɗaya, na tarar da yawa irinta ne. Muka koma a, ba, ca, kullum kafin a kaɗa ƙararrawa, Hausa tukuna sannan Turanci. Ƙofa nake rufewa, don manyan cikinsu ba sa so a gan su.

Wajen ƙarshen zango, wata Lahadi, yarinyar ta tashi a coci ta karanta aya uku da Hausa, tana tuntuɓe amma ta kai ƙarshe. Ranar Litinin na tarar da mata biyar a bakin ajina, kowacce da ɗanta ko 'yarta. Ɗaya ta ce, "Malama, irin na waccan muke so."

Da jami'ai suka zo, azuzuwan ba su cika ba, amma sun ƙara mana shekara. Har yau makarantar tana nan.

Tun daga lokacin, in yaro ya daina zuwa ajina, ba na fara zargin iyayensa. Kaina nake fara tambaya: me ya koya a hannuna da zai sa a dawo da shi?