Buhu uku a ɗakin Baba Fulbert

Tsoron ya kama ni ne a bakin ƙofar ɗakinsa, ranar Alhamis da safe, tun ban ga fuskarsa ba. Matarsa, Mama Blandine, ta shigo gidanmu ba takalmi ta ce in zo in taya ta ɗaga Baba Fulbert, yana ta amai, ya kasa tsayuwa. Na bi ta ina zaton zazzaɓin sauro ne. Da na ɗaga labule sai wani wari ya buge ni, kamar tafarnuwar da ta ruɓe. Buhu uku na wake suna jingine da bango, taku ɗaya tsakaninsu da matashin kansa, taga kuma a rufe. Na san abin da aka sa a buhunan nan, na kuma san wanda ya ce a sa shi.

Sunana Hashim. Shekara biyu ke nan da na gama lisans, wato digirin farko, a fannin shari'a a Ngawundere, na dawo Garwa gidan mahaifina ina jiran aiki. Baba Fulbert maƙwabcinmu ne tun kafin a haife ni. Ina son in rubuta ko shi wane ne, saboda kwana ukun nan mutane suna ta cewa "mai kati ba shi da lafiya", alhali sayar da kati shi ne mafi ƙanƙantar abin da yake yi.

Mutumin duwatsun wajen Poli ne, Kirista, ɗan manoma. Ya sauko Garwa yana saurayi, ya koyi Hausa a kasuwa wurin masu tumatir, shi ya sa har yau in ya yi fushi Hausarsa ta 'yan gwari ce. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana masinja a wani ofishin gwamnati, yana kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan. Bai taɓa sa hannu a ko ɗaya ba, amma ya san inda kowace takarda take kwana. Da aka sallame shi sai ya kafa tebur da lema a bakin layinmu yana sayar da katin waya. Benci ɗaya ya ajiye don masu jira. A hankali bencin ya fi teburin ciniki.

Komai ake kawo masa. Wadda aka rufe wa layin waya, wanda wayarsa ba ta kama rezo, wato sabis, sai ya hau katanga, uwar da ta manta cewa ranar Laraba tsakar rana ake tashin yara daga makaranta, mai shagon da ya ga masu haraji sun doso layi. Kuma bai taɓa amsa tambaya kai tsaye ba. Sai ya tura tabaransa sama ya mayar maka da wata tambayar.

Na tuna ranar da Hamadu tela ya zo yana gumi, wai an ce za a rufe masa shago.

"Wa ya ce?" in ji Baba.

"Wani mai jaka."

"Ya nuna maka takarda?"

"Ya nuna min jaka."

"To ni ma ina da jaka, Hamadu, ta Blandine ce. Keke nawa ne a shagonka?"

"Biyu. Ɗaya ya mutu."

"In ya mutu ka fitar da shi, kada a lissafa ka da masu masana'anta. Gobe ka je ofis da kanka, ƙofa ta biyu a hagu. Kada ka miƙa wa kowa komai a titi, kuma kada ka fito sai da takarda mai hatimi."

Haka yake da masu layin da aka rufe: "Da katin ɗan ƙasar wa aka yanke shi?" Rabin matan unguwa da sunan miji ko na wani ƙane da ya tafi Duwala suke waya, kuma daga wannan tambayar ake gano matsalar. In ka ce gara ta dame ka, zai ce jikin bango take bi ko daga ƙasa take fitowa. In ka ce kuɗin cizo, zai ce daga ina ka sayo katifar. Mahaifiyata takan ce zuwa wurin Fulbert kamar zuwa wurin alƙali ne, sai ka fara ba da shaida.

In kuma abu ya fi ƙarfinsa, yakan ce, "Ban sani ba. Je wurin wane." Yana faɗin haka a gaban mutum goma, ba ya ko rage murya.

Shi ya riƙe hannuna ya kai ni aji ɗaya, saboda mahaifina yana kan hanyar fatauci a makon da aka koma makaranta. Da na dawo da lisans ya fi kowa murna. Ya raɗa min suna Musiye Lisans, ya ware min gefen benci. In aka kawo takarda mai ƙananan rubutu sai ya ce, "Ku ba lauyana." Ba ni da aiki, ba ni da inda ake jirana da safe, sai wannan gefen bencin. Ina ganin ya gane haka, shi ya sa yake miƙo min takardun da shi ma zai iya karantawa.

A ƙarshen kaka ƙanensa ya aiko masa da buhu uku na wake daga gonarsu ta gida. Abincin shekara ne, da irin da zai mayar a shuka. Bara ya sa toka da barkono kamar yadda uwarsa take yi, amma ƙwaro ya ci kusan rabi, Mama Blandine ta yi wata guda tana masa gori. Ranar Litinin, da bencin ya cika, ya juyo ya ce min:

"Musiye Lisans, yau ni ne mai tambaya. Toka ta ci amanata. Me mutanen zamani suke sa wa wake?"

Mutane suka yi dariya. Wata ta ce, "Yau likita ya zo asibiti." Kowa ya zuba min ido.

Shari'a na karanta. Ban taɓa adana ko mudu ɗaya na wake ba. Kalma uku ce kawai ake bukata, kuma na ji ta a bakinsa sau ɗaruruwa. Amma sai na zaro waya. Na sami wani shafi da Faransanci a kan adana hatsi, ya fara buɗewa, na ga hoton wata ƙwaya mai launin toka wadda 'yan kasuwa ke kira bam. An ce ana naɗe ta a tsumma a tura cikin buhu, tana fitar da iska mai kashe ƙwaro har ƙwansa. Daga nan rezo ya ɗauke. Sauran shafin fari fat, ƙaramar da'ira tana ta juyawa. Na ɗan jira, mutane suna kallona, sai na kife wayar a cinyata na fassara musu abin da na gani kamar shi ke nan.

"Shi ke nan?" in ji Baba.

"Shi ke nan, Baba."

"Kun ji amfanin karatu. Ranar Asabar in na shiga kasuwa zan saya."

Da wani ne ya kawo masa wannan tambayar, na san abin da zai fara cewa: a ina kake ajiye buhun? Ni ban tambaya ba. Kuma ba sai na tambaya ba, na sani. Ɗaki biyu yake haya. A garinsu rumbu a tsakar gida yake, kusa da inda maigida ke kwana, kuma da ya zo birni bai sake hali ba: iri ba ya kwana nesa da mai shi. Ina yaro na sha zama a kan buhunansa ina kallon ƙwallo a ƙaramar talabijin ɗinsa. Rabin unguwarmu haka suke ajiya, saboda ɓera da ɓarayi. Wanda ya rubuta shafin nan yana magana ne da masu sito.

Abin da ya fi damuna shi ne na ranar Talata. A gida na sake buɗe wayar, shafin ya fito gaba ɗaya. Ƙasa kaɗan da inda na tsaya, da jan rubutu, an ce ba a taɓa amfani da ita a ɗakin da mutum ko dabba ke kwana, ko a jikin ɗakin, domin iskar tana kisa, kuma aikin waɗanda aka horar ne. Na karanta sau biyu. Na ce zan gaya masa gobe.

Ranar Laraba na je. Bencin cike yake da mata masu jiran tashin 'yan makaranta, yana tsakiyar ba su labarin yadda lauyansa ya samo masa maganin zamani cikin minti ɗaya. Na tsaya na gaishe shi. Ya ce, "Ga shi nan, ku tambaye shi komai." Na yi murmushi. Na ce a raina ai sai Asabar zai saya, zan same shi shi kaɗai in gyara maganar ba tare da an ji ba. Na wuce.

Ban san cewa da safiyar nan Hamadu tela ya shiga kasuwa sayen zare, Baba ya ba shi saƙon sayo ƙwayar ba. Da yamma Baba ya sa ta a buhu uku, ya rufe taga saboda sanyi. Mama Blandine a makon nan wurin 'yarsu Gaëlle take kwana, a wata unguwa, saboda ta haihu. Wannan kaɗai ya sa mutum ɗaya muka ɗauka ba biyu ba.

Mun kai shi asibiti a kan moto, wato babur ɗin haya, yana tsakanina da direba, kansa a kafaɗata. Sau ɗaya ya yi magana. Ya ce, "Ka buɗe lema, mutane za su zo."

A asibiti sun fara zaton kwalara ce. Likita, wata mace mai gajeren gashi, ta tambayi me ya ci, me ya sha. Mama Blandine ta lissafa: tuwon masara, miyar kuɓewa, ruwan randa. Ina tsaye a bayanta, na ji komai, na yi shiru. Suka sa masa ƙarin ruwa. Na fita baranda na zauna, na tashi, na sake zama. Daga baya na duba wayata na ga minti arba'in na yi a wurin. Ban san me minti arba'in ke yi wa mutum a irin wannan hali ba, kuma na kasa tambaya.

Da likitar ta fito na bi ta. Da Faransanci na faɗa mata, don ya fi min sauƙin fita, don kuma ina zaton Mama Blandine ba za ta bi maganar da sauri ba. Likitar ta tsaya cak. Ta tambayi ƙwaya nawa, awa nawa ya kwana, akwai wani a gidan. Ta ce a je a buɗe ƙofa da taga, kada kowa ya shiga, za ta kira ma'aikatan gona su fitar da buhunan. Sai ta koma ciki da sauri tana kiran wani.

Na juya na ga Mama Blandine a bayana.

"Bam ɗin da ya ce lauyansa ya samo masa?"

"Shi ne, Mama."

"Ka san yana kisa?"

"Ranar Litinin ban sani ba."

Ta dube ni. Ba ta tambaye ni abin da ya faru Talata ba, ni na faɗa mata, har da na Laraba. Ta saurara har na gama, ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Je ka buɗe masa lema, Hashim. Yanzu ma a ciki ya ce ka buɗe." Ta shige ɗakin.

Mahaifina da ya ji, bai yi faɗa ba. Ya sa babbar riga ya tafi asibiti, ya zauna da dangin Baba da suka sauko daga Poli har la'asar. Hamadu tela ya zo yana cewa laifinsa ne tunda shi ya sayo, mai sayarwar ma bai ce masa komai ba. Na ce masa saƙo aka ba shi. Har yanzu yana zuwa yana maimaitawa.

Yau Asabar, ranar da na ɗauka ina da lokaci har zuwa gare ta. Kwana uku ke nan ina buɗe lemar. Ina sayar da kati, ina share ƙarƙashin benci. Jiya wata mata ta zo da maganar kyankyaso a kicin ɗinta, na ce mata ban sani ba, ta je ofishin gona. Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce, "Kai ba kai ne mai lisans ba?" Na ce ni ne. Ta tafi tana mita. Tabaransa yana cikin aljihun teburin, hannu ɗaya ɗaure da zare.

Likitar ta ce wannan guba ba ta da wani magani da ke karya ta, sai dai a tallafi jiki a ga ko zuciya za ta jure, kuma kwanakin farko su ne abin ji. Jiya da yamma ya buɗe ido ya gane Gaëlle, daga baya numfashinsa ya sake yin nauyi. Ban koma ciki ba tun Alhamis, domin ban san ko Mama Blandine tana son ganina a bakin gadon ba, kuma ban tambaya ba. Gaëlle ta ce za ta kira ni da zarar likita ta gama zagayen safe. Na ɗora wayar a kan katangar bayan tebur, inda Baba ya ce rezo ya fi kamawa. Yanzu ƙarfe goma da kwata, ba ta kira ba tukuna.