Ɗigo Uku a Fuskar Agogo

Shekarun baya, farkon shekarun casa'in, na samu aikin koyarwa a Kafanchan, sai mahaifiyata ta ɗauko agogon marigayi mahaifina ta ba ni. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne shi. Agogon na aiki ras, amma fuskarsa ta yi ruwan ɗorawa, ga wasu jajayen ɗigo uku kamar an ɗiga manja. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, na ce malami guda ba zai shiga aji da wannan ƙazanta a hannu ba.

Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a bakin tasha, mutumin Fadan Kagoma. Na ce ya goge fuskar tas, ya shafa sabon fenti. Ya ce irin wannan idan an goge ba ya dawowa. Na ce abin da nake so ke nan.

Ya cire gilashin, ya goge ɗigo ɗaya, sai ya tsaya. Ya maƙala madubinsa a ido ya daɗe yana kallo.

"Ticha, wannan ba tsatsa ba ne. Tsatsa bai san lissafi ba. Shida, biyu, goma. Mutum ne ya sa."

Ya mayar da gilashin, ya ce ba zai ƙara taɓawa ba sai na je na tambayo. Na ji haushi, amma son sani ya fi ƙarfina.

A gida mahaifiyata ta ce ina jariri na yi ciwon da aka fid da rai, likita ya ce a ba ni magani duk bayan awa takwas, ita kuwa ba ta iya duba agogo ba. Shi ne mahaifina ya sa aka ɗiga mata jan farce a kan shida na safe, biyu na rana da goma na dare, ya bar mata agogon, ya ce ta bi gajeren hannun kawai. Wata guda yana zuwa aiki yana tambayar mutane lokaci.

Ta karɓi agogon ta matso da shi kusa da ido.

"Ina na safen?"

Ɗigon ƙarfe shida take nema, wanda na sa aka goge.

Ban sake komawa wurin fenti ba. Tun ranar ba na gyara tsohon abu sai na tambayi wanda ya riga ni saninsa. Biyun da suka rage suna nan, amma har yau idan na duba lokaci, wurin da babu komai idona yake fara zuwa, kuma ina jin kunya.