Batirin Makullin Manaja

A ofishin nan na hawa na biyu, inda ake rubuta manhajar shagunan magani, ba mai kiranta da sunan yanka. Uwar Inji ake ce mata. Da buga takardu ta fara, yau shekara tara, ta koyi sauran da naci da tambaya, har tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin lungu ta dawo hannunta. Aikin wannan injin ɗaya ne. Kowa ya gama rubutunsa sai ya tura rumbu ta intanet, injin ya ɗauko, ya harhaɗa, ya gwada. Amma ba ya karɓar komai sai ya duba takardar shaidar rumbun, kada ɓarawo ya yi masa shigar burtu.

Ran Talata aka ɗauke wuta aka dawo da ita, inji ya ce atafau bai yarda da takardar ba. Allo ya yi jajawur.

Manaja ya fito yana huci. "Ƙarfe huɗu masu shaguna za su karɓi aikinsu. In bai tashi ba, Malama, ke ki tashi, Injiniya ya zauna."

Injiniyan nan ƙanin matar Manaja ne, wata biyu da zuwansa, kuma wallahi injiniyancin a suna ya tsaya. Ya matso yana tauna cingam. "Anti, layi ɗaya ne fa. A ce masa ya daina duba takardar, magana ta ƙare."

"Wato maigadi ya tare baƙo a ƙofa, sai a kori maigadin?" in ji ta. Lissafin maganin mutane ne fa, a bar shi ƙofa buɗe? Tir!

Ta gwada da tata kwamfutar, takarda lafiya lau. Ta koma ta karanta ƙorafin injin a tsanake. Ashe ba cewa ya yi takardar ta ƙare ba, cewa ya yi lokacinta bai yi ba tukuna. Ta duba kwanan watansa: bawan Allah ya koma baya shekara goma sha biyar! Ɗan batirin da ke riƙe masa agogo ne ya mutu.

Ta durƙusa ta kwance murfin. Subhanallahi! Kyankyasai suka watse, ga kashin ɓera, ga ƙashin kaza, ga cingam manne a gefe har guda shida. Wato nan ne bolar mutumin da ake shirin bai wa kujerarta. Ta toshe hanci da gyale ta ɓamɓaro batirin, ɗan fele kamar maɓalli. Uku da rabi ta yi, kasuwa da nisa.

"Ranka ya daɗe, ara mini makullin motarka."

Ya wurgo mata ko kallonta bai yi ba. Ta ɓare shi da abin yankan farce, ga batiri irin na injin a ciki, ta musanya batiran, ta saita agogo, ta mayar masa da kayansa. Huɗu saura goma allo ya koma kore.

Manaja ya rungume Injiniya, wanda tun ɗazu wayarsa yake latsawa. "Na sani! Ɗan gidanmu ba ya ba da kunya." Ya waiwayo. "Malama, ki sa a share wajen nan, wari yake."

Kujerarta dai ta tsira, amma sau uku ta wanke hannu ƙyanƙyamin bai tafi ba.

Da aka tashi ta sauko, ta tarar da Manaja a rana yana ta danna makulli, Injiniya na jan ƙofar mota yana gumi.

"Malama, zo ki duba mana wannan abin!"

Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ranka ya daɗe, ai ga Injiniya nan. Layi ɗaya ne."

Ta tsallaka titi ta yi tafiyarta.