Sunan da ke bangon shagon Yaya

Ba na jin zan taɓa manta ranar da na ciro haruffa biyar daga bangon shagon yayana. Abin ya faro ne wata rana ina gona a Waca ina roron wake, salula ta yi ƙara, aka ce Yaya ya faɗi a kan keken ɗinkinsa a Magarya, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Na hau moto ko takalmi ban sa ba.

Bayan sadakar arba'in wanda ya ba Yaya hayar shagon ya aiko. Ya sami wanda zai shiga, a kwashe kaya, a bar masa bangonsa yadda ya bayar. Keke da teburi ba su ba mu wuya ba. Abin da ya rage shi ne haruffan katako da Yaya ya sassaƙa da hannunsa, ya shafa musu shuɗin fenti, ya manna da gam a saman inda yake zama. Sunan 'yarsa ta fari ne. Irin mutanen da ne shi, alkunya ba ta bar shi ya kira sunan ba ko sau ɗaya, sai dai ya ce "ke" ko "waccan". Amma ga shi a bango, kullum a bisa kansa.

Ranar kwashe kayan, 'yar ta zo daga ɗakin mijinta ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Baffa, ba na son komai a nan sai waɗannan. Don Allah a ciro mini su lafiya."

Ni kuwa so nake in gama in fita, don warin yadi da man keke duk Yaya nake gani. Na zura wuƙa bayan harafin farko na banƙara. Katakon ya tsage biyu, ɓawon siminti ya zubo, jar ƙasa ta bayyana. Ta sunkuyar da kai.

Wani tsohon kafinta da ke maƙwabtaka ya leƙo. Ya ce, "Kai malam, rogo kake tona? Ajiye wuƙar nan."

Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da tsumma, ya dafa gefen harafi na biyu har gam ya yi laushi. Ya ɗauko zare mai kauri a aljihun keken Yaya, ya ninka, ya zura ta bayan katakon daga sama.

"Ja dama, ja hagu, kamar mai zarto. Kada ka jawo wajenka, bangon zai biyo ka. Ke 'yata, tara hannu a ƙasa."

Tun hantsi muke yi har aka kira azahar. Huɗun suka sauko ɗaya bayan ɗaya cikin tafin hannunta, babu ko ƙwarzane. Ragowar gam muka goge da jiƙaƙƙen tsumma, ramin da na yi tsohon ya cike da siminti. Tana naɗe su a gyalenta ta ce, "Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba."

A ranar na gane cewa abin da mutum ya kafa a tsanake, ba a cire shi da gaggawa, kuma mai baƙin ciki ya fi kowa bukatar ya sassauta hannunsa. Na karɓi tsagaggen harafin na ce zan haɗa mata. Shekara uku ke nan yana cikin akwatina, ban haɗa ba.