Audugar da ke cikin rigar Yaya

Yayana tela ne, kuma tun da na yi wayo a kan kujera na san shi. Daga keken ɗinki sai kwano, daga kwano sai keke. Shayinsa kuwa sukari ne aka ɗiga wa ruwan zafi. Yaran shago suna kiransa Buhu a bayan idonsa, ni kuma a gaban idonsa.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kan yadin mutane, likita bai ɓoye masa komai ba. Jini ya hau, ciwon suga ya kunno kai, ko ya rage ƙiba ko 'ya'yansa su tashi marayu. Yaya ya tsorata ƙwarai. Ya jingine babur, ya koma zuwa shago a ƙafa, yana haki kamar an biyo shi. Ya bar soye-soye da lemon kwalba, ya koma ganye da wake. Kafin shekara ta zagayo tumbi ya zube, yana hawa bene ba ya dafa bango.

Matsalar ita ce Inna, mahaifiyarmu. Babanmu, shi ma tela, rama ce ta cinye shi a gabanta, har ana ɗaga shi kamar yaro. Tun daga nan duk wanda ya rame, a wurin Inna sallama yake yi da duniya. Kuma da naman fuskar Yaya ya zabge, sai fuskar Baba ta fito, ƙashin kumatun nan da zurfin idon. Na taɓa leƙa shagon na gan shi sunkuye a kan keke, sai na ga kamar Baba ne, na kasa ko gaishe shi.

Sai Yaya ya yi dabarar teloli. Ya ɗinka riga ta zuwa gaida Inna, ya shimfiɗa auduga a kafaɗa da ciki, ya rufe da shafi. Idon Inna ya yi rauni, sai dabarar ta ci. Har tsokanarsa nake yi, ina ce masa katifa ta iso.

Wata rana da hantsi ya durƙusa yana gaishe ta, ta dafa kafaɗarsa za ta miƙe. Yatsunta suka nutse. Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji ta.

"Inna, lafiyata ƙalau. Likita ne ya ce in rage."

"Ubanku ma ƙalau ya ce min. Sai da na zo wanke rigunansa bayan an kai shi, na tarar da audugar."

Babu wanda ya taɓa jin wannan a cikinmu. Na rantse mata lafiyarsa ƙalau, Yaya ya rantse, ko kallonmu ba ta yi ba. Ta lallaɓa kicin tana dafa bango, ta dawo da kwano shaƙe, mai na ƙyalli a kai. Ta dire a gabansa.

"Ci in gani, ɗan nan."

Yaya ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya ce in miƙo masa ruwan wanke hannu.